Wasan sakos mai tsada bai kai abin da muka gani a talla ba: cutarmu aka yi?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Tumfure, a Gombe, ta rubuto cewa a lokacin hutu ta kai 'ya'yanta uku kallon wasan sakos, wato wasan alkafura da lilo da barkwanci, na wani babban kamfani mai zagaya duniya, a wata ƙasar waje. Tikiti huɗu sun lashe abin da zai biya kuɗin makarantar zango guda. Ba giwa, ba zaki. Daga inda suka zauna ko fuskokin 'yan wasan ba sa gani. Wasan ruwan da ta gani a bidiyo bai fito ba, autan kuma ya yi barci tun kafin a je hutun rabin lokaci. Tana son ta sani: cutarta aka yi, ko ita ce ba ta san yadda ake kallon abin ba?

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar da alheri. Ɓacin ranki yana kan hanya, kuma 'yan kallo a ƙasashe da dama suna fita daga irin wannan wasa da ƙorafi irin naki. A bisa takarda da wuya a ce an cuce ki, don abin da aka rubuta a sharuɗɗan tikitin shi aka ba ki. Amma an bar ki kin shiga da zaton da masu tallar suka san ba zai cika ba daga kujerar da aka sayar miki. Babban abin da ya ɓata miki kallon shi ne nisa, kuma nisan nan tun ranar sayen tikiti ake iya gane shi.

Ki tuna yadda ake kallon gardawa a bakin kasuwa. Tsakaninki da mai wasa da kura bai fi taku biyar ba. Kina jin ƙarar sarƙar, kina ganin takunkumin da ke bakinta, kina ganin gumi na tsiyaya a wuyan gardin. In ta yi wani yunƙuri, da'irar mutanen gaba ɗaya sai ta ja da baya. Abin da ke sa gaba faɗuwa ke nan, kusanci. Sakos ma a kan haka aka gina shi. Philip Astley, wanda ya fara shi a Landan a 1768, da wasan dawakai ya soma a cikin da'ira, kuma faɗin da'irar ya zo ya tsaya a kan kimanin mita 13, 'yan kallo na zagaye da ita. Alkafura uku a iska abin mamaki ce ga wanda yake mita 15 daga wurin, yana jin tafin hannun mai tsalle ya haɗu da na mai cafke shi. Ga wanda yake mita 60, ɗan motsi ne kawai ya gifta cikin haske.

Manyan kamfanonin nan suna da wasa iri uku, kuma sau da yawa da suna ɗaya da tambari ɗaya ake tallarsu.

Akwai na zaune, wanda aka gina wa gidan kallo na kansa, ba ya zuwa ko'ina. Misali wasan “O” na kamfanin Cirque du Soleil, da ake yi a otal ɗin Bellagio a Las Vegas tun 1998, a kan tafkin da ke cin lita sama da miliyan 5 na ruwa, dandamalin yana nutsewa yana tasowa. Ko La Perle da aka buɗe a Dubai a 2017, mai kujeru kimanin 1,300 da tafki a tsakiya. Yawancin gajerun bidiyon da ke yawo a TikTok da Facebook, na mutane suna faɗowa daga sama cikin ruwa, daga irin waɗannan gidajen aka ɗauko su. Tafki irin wannan ba ya shiga kwantena. Duk wanda ya ga bidiyon ya sayi tikitin wasa mai zagayawa don ya ga ruwa, ya riga ya yi asara kafin ya bar gida.

Akwai na tanti. Babban tantin Cirque du Soleil yana da faɗin kimanin mita 50, yana ɗaukar mutum wajen 2,500, kujerun sun zagaye dandamali ta ɓangare uku. Kafa shi da sauran ƙananan tantunan yakan ci kusan mako guda, shi ya sa suke zama makonni a gari ɗaya. A cikinsa ko kujerar ƙarshe ba ta yi nisan da za a kasa ganin fuska ba. Matsalarsa ginshiƙai huɗun da suke riƙe da rufin: duk kujerar da ta faɗo bayan ɗaya daga cikinsu za ta rasa wani yanki na wasan.

Sai na uku, wanda daga bayaninki shi kika shiga: na babban zauren wasanni, irin wanda aka gina don ƙwallon kwando ko taron mawaƙa. A nan ba a kafa tanti. Tireloli su iso, a ɗaure kayan a rufin zauren cikin kwana ɗaya, a yi wasa kwana huɗu ko biyar, a kwance a wuce gari na gaba. Zauren kan iya ɗaukar mutum 10,000 ko fiye, sai a ja labule a rufe wani ɓangare, a kafa dandamali a gefe guda. Wasannin Cirque du Soleil da yawa da aka ƙirƙira don tanti daga baya aka mayar da su na zaure: Saltimbanco a 2007, Alegría a 2009, Quidam a 2010, OVO a 2016. Dalilin a fili yake, zaure yana kai wasan garuruwan da ba za su iya cika tanti na wata guda ba, kuma kuɗin kafawa ya ragu sosai. Amma wasan da aka tsara don idon da ke kusa, yanzu ana kallonsa daga saman bene. Kwalliyar fuskar da ɗan wasa ya shafe sa'a guda yana yi ba ta isa can. Barkwancin da wawa yake yi da gira da leɓe ma haka. A ganinmu wannan ne babban rashin adalcin da ake yi wa 'yan kallo: farashin kujerun sama ya ragu, amma bai ragu daidai da abin da aka rasa ba, kuma tallar ba ta taɓa nuna yadda wasan yake daga can.

Shi kansa bidiyon talla, da kyamarori da yawa ake ɗaukarsa, wasu a kan dandamalin, wasu a rataye kusa da mai lilo. Ana zaɓar daƙiƙa biyu mafi kyau daga kowane wasa, a rage gudun hoton, a jera su cikin rabin minti. Babu kujerar da ke ganin haka, ko ta nawa ce.

Zancen dabbobi kuwa, zamani ne ya juya. Cirque du Soleil, wanda 'yan wasan titi irin su Guy Laliberté suka kafa a lardin Kebek na Kanada a 1984, tun asali bai gina wasansa a kan namun daji ba. Ringling Bros. and Barnum & Bailey na Amurka, wanda aka san shi da jerin giwaye, ya sallami giwayensa a 2016, ya rufe a 2017 bayan shekara 146, da ya dawo a 2023 kuma ba dabba ko ɗaya. Ingila ta haramta amfani da namun daji a sakos mai zagayawa daga Janairun 2020, ƙasashe da dama kuma sun riga ta. Kamfanin da ke tsallaka iyakoki ba zai ɗauki giwa ya shiga ƙasar da za a tare shi a tashar jirgin ruwa ba. Ba ma ganin wannan a matsayin asara. Giwar da ke tsayawa da ƙafa biyu ba da lallashi kawai ta koya ba, rayuwarta kuma tsakanin sarƙa da bayan mota take ƙarewa. In yara giwa suke so, Yankari tana nan kusa da ku, kodayake can ma sai an dace ake ganinsu. Kuskuren dai shi ne a yi wa yaro alkawarin zaki a wasan da ba shi da zaki.

Yanzu lokaci. Irin wannan wasa yakan ci kamar sa'a biyu, ciki har da hutun minti 20 zuwa 25. A ciki za ki samu manyan wasanni takwas zuwa goma sha biyu, kowanne minti biyar zuwa takwas, don jikin ɗan Adam ba ya jure fiye da haka a irin wannan aiki. In kika haɗa, abin da zai sa ki riƙe numfashi kimanin sa'a ɗaya ne. Ragowar lokacin na sauya kayan dandamali ne. Ragar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin masu lilo sai an ja ta an ɗaure ta kowace kusurwa, an gwada ƙarfinta. Shi ya sa wasan lilon sama yakan zo daf da hutu ko dai bayansa, ko a ƙarshe. Yayin da ma'aikata cikin baƙaƙen kaya suke wannan aiki a duhu, sai a turo wawaye da 'yan rawa da mawaƙiya gaba su riƙe idon jama'a. Wanda bai san haka ba sai ya ga kamar ana ja masa rai. Labarin wasan ma ba irin na fim ba ne mai farko da ƙarshe. Galibi ba a magana, waƙoƙin ma wani lokaci da ƙirƙirarren harshe ake rera su don su shiga kowace ƙasa. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, a cikin duhu, da dare, ba ya ganin fuska, ba ya jin magana, dole ya yi barci.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba: wasan da aka yi ranar Laraba ba lallai ya zama shi ne na Lahadi ba. Ayarin yakan yi wasa takwas zuwa goma a mako, Asabar da Lahadi sau biyu a rana. Kafaɗa, wuyan hannu, gwiwa da idon sawu su ne suka fi samun rauni. In mai cafke 'yan lilo ya ji ciwo, wasan gaba ɗaya ya tsaya, don ba kowa ake miƙa wa ran mutum ba. Saboda haka kowane ayari yana tafe da wasan ko-ta-kwana, sau da yawa mai jefa ƙwallaye ko mai tsayuwa da hannu, wanda ake cusawa a gurbin. Wani lokaci wasan yana nan amma an sassauta shi, alkafura uku ta koma biyu. A sharuɗɗan tikiti akwai layin da ke cewa shirin na iya canzawa ba tare da sanarwa ba, kuma wannan layin ne ke hana a mayar miki da kuɗi.

Wasu 'yan kallo suna jin haushi in suka hango siririyar wayar da ke ɗaure a ƙugun ɗan wasa, ko katifar da aka ɓoye a ƙasa, suna cewa ashe ba haɗari. Muna roƙon a daina wannan tunanin. A Yunin 2013 Sarah Guillot-Guyard ta faɗo ta rasu ana tsakiyar wasan KÀ a Las Vegas. A Maris 2018 Yann Arnaud ya suɓuce daga madaurin da yake lilo da shi a wasan Volta a garin Tampa, shi ma ya rasu. Dukansu ƙwararru ne, a babban kamfani, Cirque du Soleil. Wayar ba ta yi wa mutum alkafurar, kama shi kawai take yi in ya kuskure. Ganinta alama ce cewa kamfanin yana daraja ran ma'aikacinsa.

To ina kuɗin tikitin yake tafiya? Kaso mai yawa a kan hanya yake ƙarewa. Wasan tanti yana tafe da tireloli sama da 50, da mutum sama da 100, waɗanda kusan rabinsu ne kawai ke hawa dandamali. Sauran masu ɗaurin igiyoyi ne, masu wuta da sauti, teloli, masu gashin ƙashi da tausa, masu girki. Ga biza, ga masauki, ga inshora, ga hayar fili, ga janareto. Kamfanin ma ba na 'yan wasan titi ba ne yanzu. A 2015 aka sayar da mafi yawan hannun jarin Cirque du Soleil ga masu zuba jari ƙarƙashin jagorancin kamfanin TPG na Amurka. Da korona ta zo a 2020 ya sallami kashi 95 cikin 100 na ma'aikatansa, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, daga baya su masu bashin suka karɓe shi. Kamfanin da ke irin wannan hali zai fi karkata ga dawo da tsofaffin wasannin da aka san suna sayuwa, da kai su manyan zaure. Tsadar tikiti tana nuna nauyin kayan da aka ɗauko, ba ta nuna yawan mamakin da za ki sha.

Wannan lissafin ne kuma ya sa ba ma ganinsu a Gombe ko Bauchi. Tanti mai kujera 2,500, wasa takwas a mako, na mako huɗu, tikiti 80,000 ke nan da ake son sayarwa a gari ɗaya a farashin da aka ƙiyasta da dala.

In Allah ya sa za ki sake zuwa, fara da tambaya ɗaya: a ina za a yi? Ki ɗauki sunan wurin ki nema a intanet. In kika ga zauren ƙwallo ne, to ko dai ki sayi kujerar ƙasa, ko ki haƙura da wasan. Gara mutum biyu su zauna a kusa da a ce huɗu suna saman bene. Ki buɗe taswirar kujeru ki nemi ɓangaren da ke fuskantar dandamali kai tsaye, don wasan ta nan aka tsara shi. Daga gefe za ki riƙa ganin bayan 'yan wasa da ma'aikatan da ke jiran shiga. Layin farko ba shi ne mafi kyau ba: wasan sama sai kin ɗaga kai har wuya ya ƙage, kuma wawaye daga nan suke jan mutum su hau da shi dandamali, abin da ba kowace uwa za ta so ba. Daga layi na biyar zuwa wajen na goma sha biyu ne ido yake ɗaukar ƙasa da sama tare. In tanti ne, ki duba ko an rubuta cewa wani abu yana tare kujerar, shi ne ginshiƙin da muka ambata. Tikitin manyan baƙi kuwa, abin da ake ƙarawa galibi abinci ne da wurin hutawa na daban, wanda a ƙasashe da yawa har da giya a ciki. Ki karanta abin da ya ƙunsa kafin ki biya ninki biyu.

Ki nemi sunan wasan kansa, ba sunan kamfani kawai ba, ki kalli bidiyon da wani ɗan kallo ya ɗauka da waya daga kujerarsa. Shi ne zai nuna miki gaskiyar nisan. Ki kuma tabbatar da kamfanin, don akwai ƙananan ayari da yawa masu sunaye da launukan da suka yi kama da na manyan. Wasunsu suna da kyau ƙwarai, amma bai kamata ki biya su kuɗin manya ba. Ki saya a shafin kamfanin ko na gidan kallon. Masu sake sayarwa suna ɗora riba mai nauyi, kuma in aka soke wasan, wanda ya saya da katinsa shi ake mayar wa kuɗi. Farashin da kika fara gani ba shi ne na ƙarshe ba, ana ƙara kuɗin hidima a shafin biya. Tikitin tsakiyar mako ya fi na ƙarshen mako sauƙi.

Don yara, wasan rana ya fi, kuma daga shekara shida ko bakwai suka fi jin daɗinsa. Ki gaya musu tun a gida cewa ba dabbobi, za a kashe wuta, kiɗan yana da ƙarfi. Ki sani kuma kayan 'yan wasan matsattsu ne, maza da mata, saboda sakakken tufafi yana iya sarƙewa a igiya. Ki kalli hotunan tukuna ki yanke wa gidanki hukunci. Ki lissafa lokacin salla, domin wasan yamma yakan ci Magariba, kuma in an rufe ƙofa wanda ya makara sai an samu gaɓa ake barinsa ya shiga. Ki isa da rabin sa'a kafin lokaci. Abinci da kayan wasan yara da ake sayarwa a ciki suna da tsada, kuma akasari ba a barin a shiga da na waje, don haka a ci a ƙoshi daga masauki.

Game da wanda ya wuce, mayar da kuɗi yana yiwuwa ne in an soke wasan, ko an tsayar da shi ba a ƙarasa ba saboda iska ko lalacewar na'ura, ko kuma kujerarki tana da abin da ya tare ta alhali ba a rubuta ba. In na ƙarshen nan ne ya same ki, ki rubuta wa inda kika sayi tikitin, ki haɗa da lambar kujera da hoton da kika ɗauka daga wurin. A daren wasan ma, da kin sami mai kula da zaure lokacin hutu kin nuna masa, sau da yawa suna mayar da mutum wata kujerar in akwai gurbi. “Bai burge ni ba” kuwa ba ya cikin abin da ake biya.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne ƙananan ayari, kuma Afirka tana da su masu kyau. Habasha ta yi suna da masu jefe-jefe da masu wulwula mutum da ƙafa, Gini tana da Circus Baobab, Afirka ta Kudu tana da makarantar Zip Zap a Cape Town tun 1992. In wani mai shirya taro ya kawo irinsu filin wasa na Pantami ko na Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, dokar nisan nan tana nan: daga kan benen filin ƙwallo ba za ki ga komai ba sai an kafa dandamalin kusa da jama'a. In kuma a ɗakin taro ne aka ce za a yi wasan rataya, ki ɗaga kai ki ga a jikin me aka ɗaure igiyar. Rufin ɗakin biki an yi shi ne don ya riƙe kwano da silin da fanka. Mutum mai kilo 70 in yana lilo ko ya saki jiki ya tsaya cak, nauyin da yake ɗora wa maɗaurin yana ninka nasa sau da yawa, shi ya sa masu wannan sana'a suke amfani da kayan da ke jure ninki goma na nauyin da za a rataya. Ayarin da ya san aikinsa yana zuwa da nasa ƙarafan masu tsayuwa da ƙafafunsu, ya kafa su a ƙasa, ya killace wurin. In kika ga an zura igiya a ƙarfen rufi kawai, kada ki zaunar da yaranki a ƙarƙashin wurin, ki kuma yi wa masu taron magana kafin a fara.